Wakili da Zaɓi: Sharhi a kan Taga Mai Ginshiƙai ta NSBrowser

Duk wanda ya taɓa buɗe Finder a kwamfutar Mac, ya zaɓi tsarin da ke jera jakunkuna ginshiƙi bayan ginshiƙi daga hagu zuwa dama, ya riga ya san abin da muke nufi, ko da bai taɓa jin sunansa ba: ka danna jaka a ginshiƙin farko, sai na biyu ya bayyana ɗauke da abin da ke cikinta, ka danna wata a na biyu, sai na uku ya buɗe, haka dai har ka isa ga fayil ɗin da babu kome a ƙarƙashinsa. Wannan siffa tana da daɗin aiki ga mai amfani, domin tana nuna masa inda yake da kuma hanyar da ya bi ya iso a kallo guda. Amma ga masu rubuta manhaja, waɗanda Apple ya tanadar musu wannan siffa a cikin kayan aikinsa na AppKit da sunan NSBrowser, ta daɗe tana zama mas'ala mai ɗaure kai, musamman ta fuskar yadda taga ke magana da wakilinta, da yadda labarin zaɓi ke isa ga manhaja. Ba kuwa maganar burauzar intanet ake yi ba, ko da yake sunan ya yi kama. Wannan wata aba ce dabam, wadda ta girme ta.

Asalin siffar yana komawa ga Mark Miller, wanda ake jingina masa ƙirƙirarta a Jami'ar Yale a shekarar 1980, kuma tana da dangantaka ta kusa da tagar duba azuzuwa ta harshen Smalltalk, wadda Larry Tesler ya yi aiki a kanta a cibiyar binciken Xerox da ke Palo Alto. Kamfanin NeXT, wanda Steve Jobs ya kafa a 1985 bayan barinsa Apple, shi ne ya mai da ita ƙofar shiga fayiloli a tsarinsa na NeXTSTEP, ya kuma ba wa masu rubuta manhaja ita a matsayin kayan aiki da aka riga aka ƙera, da sunan NXBrowser. Da NeXT da kamfanin Sun suka fitar da ƙa'idojin OpenStep a 1994, sai sunan ya koma NSBrowser. Da Apple ya sayi NeXT a ƙarshen 1996, sai ta shigo gidan tare da sauran gado, ta bayyana a Mac OS X a 2001. Wannan tarihi ba ado ba ne a cikin maganarmu, domin galibin abin da ke rikita mutane a yau hukunce-hukunce ne da aka yanke a wancan zamani, bisa dalilan wancan zamani, lokacin da ƙwaƙwalwar na'ura ke da tsada kuma karanta faifai ke da nauyi.

Ginshiƙin al'amarin shi ne wakilci. Taga ta san zana ginshiƙai, ta san gungurawa, ta san karɓar dannawar linzami da ta madannai, amma ba ta san kome ba game da abin da za ta nuna. Fayiloli ne, ko sunayen littattafai, ko sassan ma'aikata, wannan ilimi yana hannun wani abu dabam da mai manhaja ya rubuta, ya naɗa shi wakili. Idan taga ta buƙaci sani sai ta kira wakilin, shi kuwa ba ya fara magana, jira yake a tambaye shi. A harshen Objective-C, wanda Brad Cox da Tom Love suka ƙago a farkon shekarun 1980, wannan mu'amala ta zo da sauƙi ƙwarai, saboda abu yana iya tambayar ɗan'uwansa ko ya san amsa wani kira kafin ya aika masa. In ya sani a kira shi, in bai sani ba a wuce ba tare da ko tari ba. Falalar wannan a fili take, domin wakili ba ya ɗaukar nauyin abin da bai shafe shi ba. Illarsa kuma, wadda ta cinye wa mutane da yawa dare, ita ce kafin fitowar Mac OS X 10.6, wato Snow Leopard, babu wata rubutacciyar yarjejeniya da na'urar fassara za ta auna wakili da ita, saboda haka wanda ya kuskure harafi guda a sunan kira, ko ya sa ƙaramin baƙi a gurbin babba, ba a ce masa kome, kiran dai kawai ba zai taɓa zuwa ba har abada.

A tsohon tsari wakilai iri biyu ne, kuma wajibi ne mai manhaja ya zaɓi ɗaya, bai halatta ya haɗa su ba. Na farko shi ne wakili mai jira, wanda taga ke tambayarsa yawan sahun da ke cikin ginshiƙi ta hanyar browser:numberOfRowsInColumn:, ta ƙirƙiri guraben da kanta, sa'an nan ba ta dame shi da cika kowane gurbi ba sai lokacin da gurbin zai bayyana ga ido, inda take kiran browser:willDisplayCell:atRow:column:, shi kuma ya rubuta suna, ya faɗa ko reshe ne ko ganye. Na biyu shi ne wakili mai himma, wanda ake miƙa masa ginshiƙi fanko ta browser:createRowsForColumn:inMatrix:, ya gina shi gaba ɗaya daga sama har ƙasa. Hikimar na farko ba ta ɓuya ba: jaka mai fayil dubu goma, alhali taga sahu talatin kaɗai take iya nunawa, ba ta wajabta a shirya dubu goman nan take ba.

To, a nan ne fa ya kamata mai karatu ya tsaya ya lura, domin a nan tushen rikicin yake. Mu ƙaddara mai amfani ya danna jakar Takardu a ginshiƙin farko, ya danna Wasiƙu a na biyu. Taga za ta juya ga wakili ta ce, sahu nawa ne a ginshiƙi na uku? Lambar ginshiƙi kaɗai ta ba shi, ba ta gaya masa 'ya'yan wa take nema ba. Saboda haka dole wakili, kafin ya amsa, ya mayar mata da tambaya, ya ce, to wane gurbi ne aka zaɓa a ginshiƙin da ya gabata, ko kuwa wace hanya aka bi zuwa nan? Wato ana tambayarsa yana tambaya, kuma amsarsa ta rataya a kan zaɓin da ake tsakiyar yi. A tebur na yau da kullum bayanai suna zaune daram, zaɓi kuwa alama ce da ake ɗora musu daga baya, a cire ta ba abin da ya motsa. Amma a taga mai ginshiƙai zaɓi shi ne ke haifar da bayanai, domin ginshiƙi na uku ba shi da samuwa sai da zaɓin da ke na biyu, kuma da zarar an canja zaɓi a na farko duk abin da ke dama da shi ya rushe. Wanda ya riƙe wannan asali, sauran rassan mas'alar za su zo masa da sauƙi.

Sai babbar shubuha. Mai rubuta manhaja yana son ya san lokacin da mai amfani ya zaɓi wani abu, domin ya nuna bayaninsa a gefe, ko ya kunna wani maɓalli. Ya saba da tebur na NSTableView, wanda ke da kira bayyananne, tableViewSelectionDidChange:, da kuma shela da ake yi ga duk mai saurare. Sai ya duba jerin kiraye-kirayen wakilin NSBrowser, idonsa ya faɗa a kan browser:selectRow:inColumn:, ransa ya yi fari, ya rubuta shi, ya kunna manhaja, ya yi ta danna sahu bayan sahu, shiru kake ji. Ba kuskuren harafi ya yi ba a wannan karon, kuskuren fahimta ne: wannan kira ba labari ba ne, umarni ne. Yana zuwa ne a lokacin da manhaja da kanta ta ce wa taga ta zaɓi sahu kaza a ginshiƙi kaza, sai taga, maimakon ta aikata da hannunta, ta ɗora wa wakili alhakin, ta ce shi ya zaɓa, ya kuma dawo mata da amsa ko ya yiwu ko bai yiwu ba. Haka ɗan'uwansa browser:selectCellWithString:inColumn: yake, yana zuwa ne idan manhaja ta ba taga cikakkiyar hanya ta setPath:, aka shiga neman kowane suna a ginshiƙinsa. Hannun mai amfani ba ya tayar da ko ɗaya daga cikinsu. Mafi muni kuma, wanda ya rubuta kiran da niyyar saurare kawai, ya bar shi ba ya zaɓar kome, ya karɓi wakilcin da bai sauke ba, har ya wayi gari zaɓin da manhajarsa ke yi da kanta ya daina aiki, bai san dalili ba.

Labarin dannawar mai amfani ta wata ƙofa yake bi. NSBrowser jinsin NSControl ce, 'yar'uwar maɓalli da majanyi, kuma ɗabi'ar wannan zuriya ita ce a naɗa mata makarɓi da saƙon aiki: idan aka taɓa ta sai ta aika wannan saƙo ga wancan makarɓi, shi kuma ya juyo ya tambaye ta abin da aka zaɓa. Tana da saƙo na dannawa guda, tana da na dannawa biyu a jere, wanda aka saba buɗe fayil da shi. Misalin haka kamar alƙali ne da ke da muhuti a gefe da kuma ɗan aike a bakin ƙofa: muhuti ana neman fatawarsa kafin hukunci, ɗan aike kuwa shi ke kai labari bayan an yanke, wanda ya je ya zauna kusa da muhuti yana jiran sakamakon shari'a, ya zauna a inda labari ba ya bi. Ba abin da ya hana abu guda ya riƙe muƙaman biyu, kuma galibi haka ake yi, amma naɗi biyu ne dabam, kuma yin ɗaya ba ya wadatar da ɗayan.

Ko a wannan ƙofa akwai sharuɗɗa da ake mantawa. Mai amfani yana iya yawo a cikin ginshiƙai da madannan kibiya, sama da ƙasa a cikin ginshiƙi, dama don shiga reshe, hagu don komawa ga uwa, kuma ko wannan yawo zai aika saƙon aiki ko ba zai aika ba, wani saiti ne mai zaman kansa, sendsActionOnArrowKeys. Manhajar da aka gwada da linzami kaɗai tana iya zama lafiya lau a hannun mai ita, ta faɗa hannun wanda ya saba da madannai, ko wanda lalura ta hana shi riƙe linzami, sai bayanin da ke gefe ya tsaya a kan fayil ɗin da aka bari tuni, alhali hasken zaɓi ya yi gaba. Sa'an nan zaɓin da manhaja ta yi da kanta ba ya aika saƙon aiki, kuma wannan ba aibi ba ne, ƙa'ida ce ta AppKit baki ɗaya, wadda ke da hujja mai ƙarfi: da a ce kowane canji da manhaja ta yi yana dawo mata a matsayin labari, da an sami manhajar da ke canja zaɓi saboda labari, labarin kuma ya sake haifuwa saboda canjin, a yi ta zagaye babu ranar fita. Wanda ke son labarin ya tafi duk da haka, an ba shi sendAction ya kira da kansa, da saninsa.

Akwai kuma saituna uku da ke iyakance abin da ya halatta a zaɓa: ko za a iya zaɓar abu fiye da ɗaya, ko za a iya barin ginshiƙi babu zaɓi, da ko rassa za su iya shiga cikin zaɓi mai yawa. Na ƙarshen nan ya fi ban sha'awa, domin idan mutum ya zaɓi jaka biyu tare, 'ya'yan wacce za a nuna a dama? Babu amsa, don haka babu ginshiƙi na gaba. Tafiya ta tsaya a nan, zaɓi ya tashi daga zama hanya ya koma tarin kaya.

Batun hanya ma yana da nasa rauni, wanda ya samo asali daga cewa an ƙera tagar ne da fayilolin Unix a zuciya. Hanya a wajenta rubutu ne, sunaye jere da ƙaramar sanda mai karkata a tsakaninsu, kuma a duniyar fayiloli wannan ya wadatar, tun da suna ba ya ɗaukar wannan alama kuma abu biyu ba sa tarayya a suna guda a jaka guda. Amma da zarar an zuba mata bayanan da ba fayiloli ba, sai sharuɗɗan biyu su faɗi: wasiƙar da aka sa wa kwanan wata 12/3/1994 a matsayin suna za a karanta ta kamar matakai uku, kuma littattafai biyu masu suna ɗaya ba yadda rubutu zai bambance su. An ba da damar canja alamar rabewa, wannan ya magance na farko. Na biyu kuwa sai wakili ya karɓi aikin zaɓen da kansa, kuma a nan ne mutum zai gane cewa kiran nan da muka ce yana yaudarar mutane ba a banza aka sanya shi ba, yana da haƙiƙanin aikinsa. Ni dai a ganina laifin ba na hukuncin ba ne, na suna ne. Da an sa masa lafazin da ke nuna roƙo ake yi ba sanarwa ba, da an huta da rabin wahalar.

Gyara na sosai ya zo ne a Mac OS X 10.6, wato Snow Leopard, a 2009, shekarar da aka sake rubuta Finder kansa da Cocoa, wato kayan aikin Apple da AppKit ke cikinsu. Aka kawo sabon tsari da ke magana da abubuwa maimakon lambobin ginshiƙi, irin wanda taga mai rassa ta NSOutlineView ta daɗe tana bi: taga tana miƙa wa wakili abu, ta tambaye shi 'ya'yansa nawa ne, wane ne ɗa na kaza, shin ganye ne, da me za a rubuta a kansa. Kiraye-kiraye huɗu ke nan na farilla, sauran mustahabbai ne. Da wannan aka kwance ƙullin nan na ana tambayarka kana tambaya, domin uwa tana zuwa a cikin tambayar, wakili ba ya buƙatar leƙen zaɓi kafin ya amsa. Aka kuma samar da hanyar faɗin zaɓi da jerin lambobi, sahu na kaza a cikin na kaza, wadda ba ruwanta da sunaye. Tsohon tsari bai mutu nan take ba, an bar shi yana aiki shekaru, har aka ayyana sassansa a matsayin abin da ya kamata a ƙaurace wa a zamanin OS X Yosemite a 2014. Don haka mai karanta takardun wannan taga a yau yana buƙatar ilimin nasihi da mansuhi, ya san wane kira ne na wane zamani, domin an jera su wuri guda kamar tagwaye.

A cikin kayan 2009 akwai kiran da ya ba wakili bakin magana a kan zaɓin mai amfani, wato browser:selectionIndexesForProposedSelection:inColumn:, wanda ke aiki a sabon tsari kaɗai. Idan mutum ya danna, ko ya motsa da kibiya, taga tana gabatar wa wakili zaɓin da ake shirin yi, shi kuma ya amince, ko ya rage, ko ya mayar da tsohon zaɓi, wanda ke nufin ya ƙi. Da shi ake hana zaɓar fayil ɗin da manhaja ba ta iya buɗewa. Sai dai mutane, saboda ƙishirwar labari, sun yi maza sun mai da shi shela, kuma wannan istidlali ne gurgu ta fuska biyu. Ta farko, a lokacin da kiran ya zo zaɓi bai tabbata ba tukuna, wanda ya tambayi taga a wannan lokaci tsohon zaɓi za ta faɗa masa. Ta biyu, ana iya kiransa sau da dama a motsi guda, yayin da mai amfani ke jan zaɓi yana faɗaɗa shi, taga tana gwada sahu ɗaya bayan ɗaya don ta ga wanda ya halatta. Wanda ya ɗora aiki mai nauyi a nan, kamar karanta fayil daga faifai ko neman bayani ta intanet, zai yi aikin sau da yawa a kan zaɓin da watakila bai taɓa faruwa ba. Haka nan kiran da ke sanar da canjin ginshiƙi na ƙarshe ba ya tsayawa a madadin labarin zaɓi, tun da mutum yana iya tashi daga ganye zuwa ganye a ginshiƙi guda ba tare da adadin ginshiƙai ya motsa ba.

To shin rashin shela guda, irin ta tebur, gaɓa ce da ta ɓace ko kuwa hukunci ne mai hujja? Masu kare tsarin suna da abin faɗa: dannawa guda a ginshiƙin farko tana canja zaɓi a can, ta shafe na ginshiƙan dama, ta gina sabo, don haka shela nawa za a yi, kuma a wane mataki, kafin ginin sabon ginshiƙi ko bayansa? Saƙon aiki yana kauce wa duk wannan, domin ma'anarsa ɗaya ce, mutum ya aikata wani abu, ka duba ka gani. Wannan hujja ce mai nauyi, ban kuwa raina ta ba. Amma ba ta kai ga gamsar da ni ba, saboda zaɓi yana canjawa ta hanyoyin da ba hannun mutum ba ne kuma ba umarnin manhaja kai tsaye ba ne, alal misali idan aka sake loda ginshiƙi bayan an share fayil ɗin da ke zaɓe, kuma a irin wannan hali nauyin lura ya koma kan mai manhaja, ya tuna da kansa a kowane wuri da ya taɓa bayanai. Wanda ya ɗaure tagarsa da NSTreeController, wanda ya zo da Mac OS X Tiger a 2005, ya sami mafita ta wata fuska, domin a can zaɓi yana zaune a hannun mai kula da bishiyar, ana iya sa masa ido ko ta ina canji ya fito. Amma ya biya farashi, ya saki wani ɓangare na ikon da wakilci ke ba shi. Sauran jama'a kuwa abin da suka saba yi shi ne su rubuta aiki guda wanda ke karanta zaɓi daga taga ya daidaita sauran sassan manhaja, su kira shi daga saƙon aiki, su kira shi bayan kowane zaɓi da suka yi da kansu, su kuma kira shi bayan kowace sake lodawa, wakili kuwa su bar shi a kan amsa tambayoyin bayanai da bayar da izini.